Hannun da Sadiku Ya Daina Miƙawa

Godiya ta tabbata ga Allah mai ba da lafiya. Hannun ƙanena Sadiku ya warke, ya koma cin tuwo da shi, ya koma rubutu. Na zauna rubuta wannan ne saboda iyayen yara masu wasanni da yayyensu irina, kada su ɓata watannin da muka ɓata muna zargin juna.

Mu 'yan Jibiya ne, gidanmu ba nisa da boda. Babanmu, Malam Habu, hatsi yake sayarwa, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwa idan liman ya yi tafiya. Ni ɗalibi ne, ba ni da yawan magana, sau da yawa akan manta ina cikin ɗaki. Sadiku ne ke bi na, shekararsa goma sha biyar a lokacin, kuma tanis yake bugawa. Akwai wani tsohon filin siminti a bayan gidajen ma'aikatan boda, duk ya tsattsage, ragarsa ma da zaren buhu aka ɗinke ta. A can wani ma'aikaci da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Koci, yake koya wa yara.

Da aka ce za a zaɓi waɗanda za su je gasar matasa a Katsina, Sadiku ya ninka horonsa. Kawu Issufu, ƙanen Innarmu, direban babbar mota tsakanin Maraɗi da Jibiya, ya sayo masa raket, abin bugun tanis, a gwanjo. Na manya ne, mai nauyi, mariƙinsa ya cika masa hannu. Fili ba ya samuwa sai da yamma, don haka da safe kafin makaranta yakan je bayan wani sito ya yi ta bugun bango. Ƙwallayensa duk sun mutu, ba sa tashi sai an sa ƙarfi. Ina ɗaki ina karatu ina jiyo shi, tif, tif, har na saba da ƙarar.

Bai taɓa cewa yana jin ciwo ba. Gaisuwarsa ce ta fara canzawa. A garinmu ba a wuce namiji ba a ba shi hannu ba, ko bayan salla, ko a bakin kasuwa, ko wurin mai shayi. Direbobin boda kuwa idan suka kama hannunka sai sun girgiza shi kamar suna canza giyar tirela. Na lura Sadiku ya koma miƙa kan yatsu kawai ya janye. Daga baya ya zama ana sallame salla ya sulale. In ya hango babban mutum sai ya rusuna daga nesa, ya dafa ƙirji. Ya kuma fara ɗaure hannun da wani baƙin ƙyalle. Kuma a makonnin nan ne yake cinye duk wanda ya tsaya masa a fili.

Ranar da ya cinye ɗan wani babban ma'aikaci, yaron ya zo bakin raga ya miƙo hannu, Sadiku ya dafa ƙirji ya juya. Kafin magariba magana ta kai wurin mai shayi, wai asiri ne ke ci masa wasa. Kowa ya san yadda ake faɗin irin wannan taimako: ba a ba da shi sai da sharaɗi, wani a hana shi cin wani nama, wani a hana shi tsallake turmi. Aka ce shi Sadiku sharaɗinsa kada hannunsa ya haɗu da na kowa, in ba haka ba asirin ya karye. Baƙin ƙyallen kuma aka ce kambu ne a ciki.

Baba ya ji. Mutumin da ke jan salla, a ce ɗansa ya je wurin boka saboda ƙwallo. Washegari da hantsi ina zaure da littafi ya kira shi.

"Sadiku, zo nan. Ba mu gaisa ba yau."

Sadiku ya durƙusa ya ce ina kwana.

"Hannu za ka ba ni."

Ya miƙa. Baba ya kama, ya matse irin matsin mai ɗaga buhu, bai saki ba. Ina kallon fuskar Sadiku, hawaye suka zubo masa ba tare da ya yi sauti ba.

"Mi ke ga hannun nan?"

"Ciwo yake, Baba."

"Ka faɗi?"

"A'a."

"Wani ya buge ka? Ƙofa ta datse ka?"

"A'a."

"To daga sama ciwon ya sauko?"

Baba ya kwance ƙyallen, ya kakkaɓe shi, ya bi gefensa da yatsa ko an ɗinke wani abu. Babu kome. Hannun ma babu rauni, babu kumburin da ido zai kama. Da muka koma ɗaki na tambayi Sadiku abin da ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce, "Yaya, in Koci ya ji ina da ciwo, wani zai sa a madadina." Na ji maganar ta shiga hankali, amma ni ma bayan ya fita sai da na ɗaga katifarsa na duba.

A wannan makon aka kai shi wani ƙaramin asibiti. Mun yi layin kati, mun yi layin ganin ma'aikaci, aka tura mu wani wuri ɗaukar hoton ƙashi, nan ma muka jira wuta. Hoto ya fito, ma'aikacin ya duba ya ce babu karaya, ya rubuta ƙwayar rage zafi da man shafawa. Da muka dawo gida Baba ya ɗaga hoton ya kara shi da rana a tsakar gida. Ƙasusuwa farare, kowanne a miƙe.

"Ƙashi dai ga shi garau," in ji shi. "Tunda na'ura ta ce ba kome, saura abin da na'ura ba ta gani. Ranar da ka shirya gaya mani wanda ya ba ka, ka zo. Kafin nan ka riƙe hannunka, ni ma in riƙe nawa."

Daga ranar Inna ta fara zuba wa Sadiku abinci a kwano daban. Da can mu uku muke ci tare da Baba.

Zargi ya shiga gidan, bai bar kowa ba. Baba ya tuna cewa a hutun da ya wuce Kawu Issufu ya tafi da Sadiku Maraɗi. Da Kawu ya zo ya sauke kaya, Baba ya tare shi a zaure, ya tambaye shi ina da ina suka je.

"Malam Habu, ni kake zato?" in ji Kawu. "Raket na sawo ma yaro, ba aljani ba. Kasuwa muka tahi, muka ci nama, muka komo. Ku ba ni shi in kai ma lokotoro can asibitin Maraɗi, shi sake duba shi."

"An yi hoto a nan."

"Hoton da aka yi wuta na zuwa tana tahiya? Ni ko hoton lasisi ban yarda a yi mani haka ba."

"Yaron ba ya ƙara tsallaka boda," in ji Baba.

Kawu ya tashi bai sha furar da Inna ta dama masa ba. Inna kuwa nata zargin daban. Ta ce ba Sadiku ne ya nemi asiri ba, shi aka yi wa, kuma ta san gidan da abin ya fito, gidan yaron da ya cinye. Ta sa aka yi rubutu, yana sha safe da yamma. Yayarta ta aiko daga Gangara cewa sanyi ne ya shiga ƙashi, a daina ba shi ruwan randa.

A mako na gaba Inna ta sa na ɗauke shi a babur zuwa wurin wani mai ɗori a wajen Magama. Muna zaune a layi ina sauraro, duk waɗanda suka riga mu abu ɗaya ya ce musu, jijiya ta hau kan jijiya. Da aka zo kanmu ya shafa, ya ce shi dai bai ji karaya ba, targaɗe ne. Ya shafa man kaɗanya, ya kama yatsan nuni ya ja da ƙarfi har Sadiku ya miƙe tsaye. Ban ce mutumin macuci ne ba, na ga waɗanda ya ɗora suka taka. Amma tun a hanya hannun ya fara zafi kamar an sa a wuta.

Sai 'yan dubiya. Wannan ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Duk wanda ya zo sai ya miƙa hannu, yaro kuma ba ya ƙin hannun babba a cikin gidansu. Bayan gaisuwa sai mutum ya juya hannun, ya danna da babban yatsa. "Nan ne? Ko nan?" Wasu da tausayi suka zo. Wasu na ga idonsu na bin damtsensa da wuyansa, suna neman laya. Wani ya riƙe hannun gam yana tofa addu'a, yana kallon fuskarsa ya ga ko wani abu zai motsa. Ina zaune a gefe, na san zafi yake ji, kunya ta hana ni dakatar da su.

Abin da ya ƙara rikita mu shi ne, da ya huta kwana biyu sai ciwon ya lafa. Yana lafawa ya ɗauki raket. Baba ya gan shi a bayan sito, ya dawo ya ce wa Inna, "Kin gani. Wurin wasa hannu lafiya, wurin gaisuwa ciwo." Ba mu san cewa halin wannan ciwon ke nan ba, ya kwanta in an huta, ya tashi in an koma.

Ranar zaɓen 'yan wasa na je kallo. Ana tsakiyar wasa Sadiku ya kai wa ƙwallo duka, raket ya suɓuce ya faɗi a siminti. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsu suka ƙi rufewa. Wani a bayana ya ce, "Asirin ya karye masa. An ce ubansa ya kama hannun." Da yamma bayan hannun ya kumbura daidai gindin yatsan nuni, wuri ɗaya, wanda kan yatsa zai rufe.

Koci ya zo gida. Baba bai ko shimfiɗa masa tabarma ba, don shi ma yana cikin waɗanda ake zargi. A tsaye ya yi magana. Ya ce lokacin da suke horo a aikin gwamnati ya ga samari ƙafarsu ta yi irin haka saboda yawan gudu, ba faɗuwa, ba duka, kuma hoton farko bai nuna ba. Ya ce a kai shi wurin likitan ƙashi a Katsina.

"Zan je da kaina," in ji Baba. "In ji da kunnena, kowa ya huta."

Sai da buhun wake ya fita daga rumfa kafin mu tafi. Mun kama hanya bayan asuba, shingaye suka ci mana safiya. A ƙofar asibitin wani mutum ya manne mana, wai ya san na ciki, zai shigar da mu gaba. Na lura ba shi da katin aiki a wuya, na ja hannun rigar Baba muka wuce. Layin kati daban, layin biyan kuɗi daban, kowanne a ƙarshen wani dogon baranda, kuma ba mai gaya maka wanne za ka fara. Wata ma'aikaciya ta daka wa Baba tsawa don ya tsaya a inda bai kamata ba, ya matsa gefe. Sai bayan azahar muka shiga.

Likitar mace ce, ba ta manyanta ba. Ita ce mutum ta farko cikin watannin nan da ta nemi izini kafin ta taɓa hannun. Ta ce ya nuna mata wurin da yatsa ɗaya. Ya nuna. Ta tambaye shi wane wasa yake yi, ko ya ƙara lokacin horo kwanan baya, ko ya canza abin bugu. Duk ya ce e. Ta ce a sake hoto.

Nan zuciyata ta ce ga abin da ake faɗa, kowane asibiti sai ya ci nasa. Na yi ta maza na ciro tsohon hoton, na ce, "Likita, akwai wannan."

"Riƙe shi da kyau," ta ce. "Da shi za mu gwada."

Bayan la'asar ta jera su biyu a kan allon haske. Ta kira Baba ya matso. A tsohon babu kome. A sabon, a ƙashin da ke bayan yatsan nuni, akwai wani siririn layi, da wani fari-fari kamar hayaƙi kewaye da shi.

"Baba, ƙashi ma yana gajiya," ta ce. Wannan maganar ce ta zauna mini har yau. Ta ce kamar waya ce da ake lanƙwasawa a wuri ɗaya kullum, ba ranar da za ka ce yau ce ta karye. Ƙashin yaro mai tasowa yana gyara kansa in an ba shi hutu, in ba a ba shi ba sai ya tsage a hankali. Ta kira ta karayar gajiya. Ta ce hoton farko bai yi ƙarya ba, a farko tsagar kan ɓuya, sai ƙashi ya fara ɗinke kansa ake ganin wurin.

Baba ya daɗe yana kallon allon.

"Likita, in aka matse wurin da ƙarfi fa?"

"Zai ji zafi ƙwarai, kuma ba ya taimaka wa ƙashin haɗewa. Wa ya matse?"

Sadiku ne ya amsa.

"Mutanen gari ne, wurin gaisuwa."

Aka sa masa filasta mai tauri, wadda mutane ke kira siminti. Ta ce ba raket, ba ɗaukar kaya, gasa kuwa sai wata shekara. Muka dawo Jibiya. Da aka kawo abincin dare ya dubi kwanon Sadiku ya ce wa Inna, "Juye nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Jinyar ta faɗo kaina. Ni nake kwafa masa darasi, ni nake ɗaure masa leda a hannu in zai yi wanka, ni nake zuba masa ruwan alwala ya shafa a kan filastar. Zafin gari ya sa wurin ƙaiƙayi, na kama shi yana cusa tsinken tsintsiya na ƙwace. Cin abinci da hagu ya dame shi, Inna ta koma yi masa kunu da fate. Masu shawara ba su daina ba. Wani ya ce simintin nan ruɓar da hannu yake yi, a fasa. Wani ya ce likitocin sun ga baƙauye ne suka ƙirƙiro layin. Baba ya ce ba mai taɓawa.

Na zaci wahala ta ƙare ranar da aka cire filasta. Ashe filastar ce ke tsare shi. Likita ta ce ƙashin ya kama amma bai yi ƙwari ba, kada a matse, kada a girgiza, sai ta sake gani. Yanzu kuma ga hannu a fili, ba alamar ciwo, ga garin da kowa ke miƙo nasa. Sai na koma tafiya a damansa. In na hango mutum ya taho sai in riga shi, in cafke hannunsa, in ce, "Ciwo gare shi, ni zan karɓa." Ni da ko gaisuwa sai na yi ta a zuci kafin in furta. Kawu Issufu, wanda Baba ya bi har tasha da ƙullin goro suka shirya, ya sa mini suna Duwan, wato kwastan a bakinsu na Nijar.

"Ga Duwan nan," yakan ce wa direbobi. "Ba hannun da ke tsallakawa sai da takarda. Ashe raket ɗin nawa shi ne aljanin."

Akwai hannun da ban iya tarewa ba. Wata Juma'a muna fitowa daga masallaci, wani dattijo mai faɗa a ji a kasuwar hatsi, wanda a rumfarsa aka fi yaɗa maganar kambu, ya nufo Sadiku da hannu a miƙe, mutane na kallo. Na san gwaji ne. Na tsaya a inda nake, ban sha gabansa ba. Sadiku ya fara ɗaga hannu.

Sai hannun Baba ya shiga tsakani.

"Alhaji, ni zan karɓa mishi," ya ce, da muryar da yake jan salla. "Ƙashi ne ya tsage, na gani da idona. Ba abin da ke hannun yaron nan sai ciwo. Wanda ya ji wani abu daban, ya zo ya same ni."

Har yau akwai masu cewa asirin ne ya juyo masa, likita ta rufa mana asiri. Ban iya musu kome ba. Abin da zan iya shi ne in ce: in yaronku mai wasa ya ƙara horo, ko ya canza abin bugu, sai ya fara ɓoye hannu, ku tambaye shi a hankali kafin ku tambayi gari. In ciwon wuri ɗaya ne, yana lafawa da hutu yana dawowa da wasa, kada a ja, kada a murza. In hoton farko bai nuna ba kuma ciwo bai tafi ba, a koma. Masu dubiya kuma, sannu da baki ta isa. Ina gode wa likitar nan, da Koci, da Kawu wanda aka zarga ya haƙura. Allah ya saka musu.

Duk wannan lokaci Baba bai karɓi hannun Sadiku ba. A farko don fushi, daga baya don umarnin likita. Ranar da muka dawo daga ganinta na ƙarshe, ta ce ya warke, ya koma wasa a hankali da raket daidai hannunsa, mun tarar da Baba a zaure yana auna gero. Sadiku ya yi sallama, ya durƙusa, ya miƙa hannun dama.

Baba ya goge tafinsa a riga, ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin na Sadiku. Bai rufe yatsu ba.

"Baba, ka riƙe. Likita ta ce ya warke."

"Likita ta ce," in ji Baba. "Bari dai tukuna."

An kusa shekara yanzu. Sadiku ya koma fili, direbobi sun koma girgiza shi yadda suka ga dama. Baba kaɗai ne har yau, in sun gaisa da safe, yake tara masa tafi a buɗe.